Wa Ke Da Alhakin Gyara Gari? Darasi Daga Lungunan Karachi

 A wannan fitowa za mu ɗan leƙa ƙofar gida ne, domin duk abin da ke kwance a ƙofar gida, a tsakar gida yake ƙarewa. Ruwan kwatar da ya taru a lungu ɗanki ne zai taka shi ya shigo miki da shi, ke ce kuma za ki kwana a gefen gadon asibiti idan gudawa ta kama shi. To wa ke da alhakin gyarawa? Da yawanmu za mu ce gwamnati. Wasu su ce ai ga masu hannu da shuni nan, su tausaya mana. Akwai wani birni da mutanensa suka shafe sama da shekara 40 suna amsa wannan tambaya a aikace, wato Karachi ta ƙasar Pakistan, kuma can za mu nufa yau.

Karachi birni ne na bakin teku, shi ne cibiyar kasuwanci da masana'antu ta Pakistan. Gab da raba Indiya da Pakistan a 1947 mutanen cikinsa ba su kai rabin miliyan ba, amma ƙidayar 2023 ta nuna sun haura miliyan 20. Gari ya cika ya batse irin haka cikin rayuwar mutum guda, hukuma ta kasa yanka wa kowa fili. Sai talakawa suka riƙa sayen fegi a hannun dillalai a bayan gari, ba takarda, ba titi, ba famfo, ba magudana. Su suna kiran irin waɗannan unguwanni kachi abadi, mu a nan awon igiya za mu ce. Mafi girma a cikinsu ita ce Orangi, a arewa maso yammacin birnin. An fara zama a cikinta wajen 1965, ta ƙara cika bayan yaƙin 1971 da ya raba Bangaladash da Pakistan, har ya zama a shekarun 1980 mutanenta sun doshi miliyan ɗaya.

Ki ƙiyasta mutum miliyan ɗaya ba magudanar ƙazanta. Gidaje da yawa bokiti suke ajiyewa a bayan gida, masu kwasa su zo bayan 'yan kwanaki, sau da yawa kuma a juye a fili ko a kwari kusa da gidajen. Masu ɗan hali sun haƙa rami, ramin ya cika ya tumbatso. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa lungu ake sakar wa, yana kwance yana cin gindin katanga. Zazzaɓin cizon sauro da taifot da gudawa da ƙazuwa suka zama 'yan gida, ɗan abin da maigida ya samo a kanti ko a masaƙa yana tafiya a kuɗin magani.

Dattijo da mai banki

A 1980 wani babban attajiri mai suna Agha Hasan Abedi, wanda ya kafa bankin BCCI (bankin nan har a Nijeriya ya taɓa buɗe rassa), ya so yin aikin taimako a Orangi ta hannun gidauniyar bankin. Sai ya nemi wani dattijo mai suna Dakta Akhtar Hameed Khan ya jagoranci aikin. Shi wannan dattijo labarinsa abin ji ne. An haife shi a 1914, ya samu babban muƙami a aikin gwamnatin Turawan mulkin mallaka a Indiya, irin muƙamin da mutane ke mafarkinsa, amma a 1945 ya ajiye, ya tafi ya zauna cikin talakawa yana aikin leburanci da ƙera kwado, don ya san yadda suke rayuwa. Daga baya ya yi suna wajen aikin raya karkara a Komila. Lokacin da aka kira shi Orangi ya ba shekara 65 baya.

Ya karɓi aikin, amma ya nuna shi ba rabon kayan agaji zai yi ba. Kuɗin gidauniyar za su tafi ne wajen bincike, da albashin 'yan ma'aikata kaɗan, da kayan aiki, da koyar da mutane. Da haka aka kafa shirin da ake kira Orangi Pilot Project. Watannin farko ba abin da ya gina. Yawo kawai yake yi lungu-lungu, yana zama da mutane yana sauraronsu. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kusan duk wanda aka tambaya ƙazantar lungu yake fara ambata.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, waɗannan mutane da kuɗinsu suka sayi fili, da guminsu suka gina gidajensu ba bashin banki ba tallafin kowa, to me ya hana su gina magudana? Ya gano abubuwa huɗu ne suka tare hanya. Na farko yana cikin zuciya: kowa ya ɗauka wannan aikin gwamnati ne kuma kyauta za a yi shi, ga 'yan siyasa kullum suna alkawarin ana nan tafe. Sai tsada, domin farashin da hukuma da 'yan kwangila ke faɗa ya fi ƙarfin talaka. Sai rashin sanin aikin, don shimfiɗa bututu yana buƙatar awon gangara, in an kuskure ruwa ya tsaya ko ya koma baya. Na ƙarshe shi ne rashin haɗin kai, tunda magudana ba katanga ba ce da mutum zai yi tasa shi kaɗai.

Yadda aka raba aikin

A nan nake so ki ƙara natsuwa, 'yar'uwa, domin nan ne zuciyar darasin. Ba a ce a tara mutum miliyan ɗaya a yi taro ba. Lungu aka ɗauka a matsayin tushe, wato gidaje 20 zuwa 40 da suka san juna, suke gaisawa safe da yamma, suke zuwa suna da biki da ta'aziyyar juna. Ma'aikatan shirin su zo su yi bayani. In mutanen lungu sun amince, su zaɓi mutum ɗaya a cikinsu ya zama shugaban aiki, ya rubuta takardar neman taimako. Daga nan masu awo su zo su auna lungun, su zana taswira, su lissafa yawan bututu da siminti da yashi da kuɗin birkila, su kuma ara musu kayan aiki. Shugaban lungu shi zai bi gida-gida ya karɓi kuɗi, shi zai sayo kaya, shi zai yi wa maƙwabtansa bayanin abin da aka kashe. Ofishin shirin bai taɓa riƙe kuɗin mutane ba, ko sisi. Kin ga an toshe ƙofar zargi tun kafin a buɗe ta.

Batun tsada kuwa, zama aka yi aka bi farashin hukuma dalla-dalla. Sai aka tarar kaso mai yawa ribar ɗan kwangila ce da na goro da ake miƙawa a ofisoshi, wani kason kuma na ƙa'idojin gini ne da aka kwaso daga ƙasashen Turai, waɗanda ba su dace da ɗan lungun da babbar mota ba ta shiga ba. Aka rage zurfin haƙa, aka ƙera wasu allunan ƙarfe da ake zuba kankare a ciki a fitar da ramin duba bututu nan take, ana ara wa wannan lungu yau, gobe a kai wa wancan. A tsakanin kowane masai da bututun lungu aka sa ɗan ƙaramin rami mai tare daskararren abu, don kada bututu ya toshe. Da aka haɗa lissafi, masai na zamani a cikin gida tare da kason gidan a bututun lungu ya tashi kimanin rufi 1,000 na kuɗin ƙasar a wancan lokaci. In da hukuma ce ta yi, da ya ninka haka sau biyar ko fiye.

Tsarin ya tsaya a kan cewa aikin kashi biyu ne. Akwai na ciki: masai a gida, bututun lungu, da bututun da ke tattara na lunguna. Wannan mutanen unguwa za su iya, da kuɗinsu da aikin gayya. Akwai kuma na waje: manyan bututan da ke ratsa gari da wuraren tace ƙazanta kafin a sake ta. Wannan sai gwamnati, kuma ba a yafe mata shi ba. Ki riƙe wannan rabo, za mu dawo kansa.

Ina mata a cikin wannan aiki? Orangi unguwa ce da mata da yawa ba sa fita sai da dalili, kamar dai yadda muka sani a nan. Amma su ne suka fi matsuwa, tunda su ke wanke yaro, su ke jinya, su ke jin kunyar rashin kewaye mai kyau. A lunguna da dama matan ne suka matsa wa mazajensu har aka shiga, su ne suka ciro kuɗin daga ɗan abin da suke tsimi na cefane, wasu lungunan ma mace ce ta riƙe tara kuɗin. Da shirin ya zo kan kiwon lafiya a 1984, bai ce mata su fito su zo asibiti ba. Ma'aikatan lafiya mata ne ke zuwa gidan wata da aka amince da ita a lungun, maƙwabta su taru a can, a yi rigakafin yara, a yi bayanin tsafta da abinci da maganin gudawa na gishiri da sukari. A shekarar dai aka fara cibiyoyin ɗinki a cikin gidaje, inda mata ke karɓar aiki kai-tsaye daga kamfanonin da ke fitar da kaya ƙasashen waje, maimakon ta hannun dillalan da ke danne musu lada. A 1987 aka ƙara da ba da ƙananan rance ga masu sana'ar gida.

Zuwa tsakiyar shekarun 2000 gidaje kusan 100,000 a Orangi sun yi masai da magudana da kuɗinsu, wato sama da lungu 9 cikin kowane 10. A wuraren da aka yi bincike, mutuwar jarirai ta sauko daga kimanin 130 cikin kowace haihuwa 1,000 a farkon shekarun 1980 zuwa ƙasa da 40 a farkon shekarun 1990. Ba bututu kaɗai ya yi wannan ba, rigakafi da wayar da kai suna ciki. Amma ki tsaya a kan lissafin: cikin jarirai dubu, wajen 90 da a da ake kaiwa makwanci yanzu sun rayu.

Wani abu ya faru a tsakiyar tafiyar da ya kamata ki sani. Wani ƙwararre da Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo ya duba aikin ya ce ba haka ake yi ba, ba a bin ƙa'ida. Gardama ta yi tsanani har aka raba Orangi, aka ba ɓangaren ƙwararrun wani yanki su yi nasu tsarin da kuɗi masu yawa. Bayan kamar shekara shida lungunan da suka yi ba su kai 40 ba, na ɓangaren dattijon nan kuwa sun kai dubbai. Aka naɗe tabarmar shirin ƙwararrun, yankin ya koma tsarin lungu. Shi kuma bankin BCCI an rufe shi a 1991 saboda gagarumar almundahana, mutane da yawa a duniya suka yi asarar ajiyarsu. A ganina alherin da ya yi a Orangi bai wanke masa wannan ba. Sai dai magudanan ba su faɗi tare da bankin ba, domin tun asali ba da kuɗinsa aka shimfiɗa su ba.

'Yan kasuwa shida da makarantunsu

Kada ki ɗauka ana nufin mai kuɗi ya naɗe hannu. A 1995 wasu abokai shida a Karachi, yawancinsu 'yan kasuwa da masu masana'antu, suka zauna suna tattauna halin da birninsu ya shiga, lokacin kuwa kashe-kashe sun yi yawa a garin. Suka tsayar da cewa rashin ilmi ne tushen abin, suka kafa wata gidauniya mai suna The Citizens Foundation. A 1996 suka buɗe makarantu biyar na farko da kuɗin aljihunsu, kuma a tsakiyar unguwannin marasa galihu suka gina su, inda yaro zai taka da ƙafa ya je. Gini ne sosai mai ajujuwa da filin wasa da bayan gida, irin wanda mai hali zai yarda ya kai ɗansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka karanci iyaye. Sun san uba zai yi nauyin sakin 'yarsa, musamman in ta fara girma, ta je hannun malamai maza. Ba su tsaya zargin iyaye da duhun kai ba, sai suka yanke cewa duk masu koyarwa mata ne za su zama. Da suka ga su ma malaman gidajensu za su damu da yadda za su riƙa zirga-zirga, sai suka sa motocin da ke ɗaukarsu su kuma mayar da su gida. Kowane gida yana biyan ɗan abin da zai iya, saura kuma daga zakka da sadakar mutane ake cikewa, ana bincikar lissafin kuɗin ana bugawa kowa ya gani. Zuwa 2024 suna da sassan makarantu sama da 2,000 a faɗin Pakistan da ɗalibai wajen 300,000, kusan rabinsu 'yan mata. Suna da shirin yaƙi da jahilci na iyaye mata mai suna Aagahi, wanda ya samu kyautar hukumar UNESCO a 2017. Ilmin kasuwancinsu suka kawo cikin aikin: tsari, lissafi, bibiya, da sanin abin da mai saye yake so. Raba shinkafa da atamfa a ƙofar gida yana da ladansa, amma wannan wani mataki ne daban.

To yanzu ki waiwayo lungunku. Gida nawa ne a ciki? Adashi nawa ke zagawa tsakanin matan lungun a wata? Nawa gidanki ya kashe a maganin zazzaɓi da gudawa daga farkon damina zuwa kaka? Akwai birkila ko mai aikin famfo ko ɗalibin injiniya a cikin 'ya'yan unguwar? Idan akwai attajirin da ke son taimakawa, me aka saba roƙonsa? Waɗannan tambayoyi ne da za ki iya ɗauka ki kai wa maigida bayan cin abincin dare, ko ki ajiye su gaban 'yan'uwa a taronku na mako.

Kason gwamnati, da abin da ya biyo baya

Mu koma kan rabon nan na ciki da waje. Mutanen Orangi sun sauke nasu nauyin, amma bututun lungu dole ya zuba a wani wuri, kuma da yake babu manyan bututai, cikin kwaruruwan ruwan sama yake zuba, daga nan ya gangara teku ba tacewa. A nan aikin wata baiwar Allah ya fito, Perween Rahman. An haife ta a Dhaka a 1957, iyayenta suka yi gudun hijira zuwa Karachi bayan yaƙin 1971, ta karanta zanen gine-gine. Ta fara aiki a wani kamfani mai zana wa masu kuɗi gidaje, ba ta daɗe ba ta bari, ta koma Orangi a farkon shekarun 1980, daga baya ta zama shugabar sashen bincike da horarwa na shirin.

Makaminta taswira ce. Ta koya wa samarin unguwa awo, suka bi lunguna da kwaruruwan Karachi suna zana inda kowane bututu ya bi da inda yake zuba, abin da ita kanta hukuma ba ta da cikakken bayaninsa. Da wannan taswira suka nuna cewa wani babban aikin magudana da aka shirya yi a yankin Korangi bai yi la'akari da abin da mutane suka riga suka gina ba, kuma za a iya yin sa da kuɗi kaɗan in aka gyara kwaruruwan da ake da su aka rufe su. A 1999 gwamnan lardin Sindh ya soke bashin dala miliyan 70 da za a karɓo daga Bankin Raya Ƙasashen Asiya don aikin. A 2006 kuma Pakistan ta sa tsarin raba aiki tsakanin jama'a da gwamnati a cikin manufarta ta ƙasa kan tsaftar muhalli. Kin ga wanda ya yi nasa kason, ya kuma zo da takarda da lissafi a hannu, bakinsa ya fi nauyi a gaban hukuma.

Duk da haka ba zan ce miki Karachi ta gyaru ba. Shekara da shekaru mafi yawan ƙazantar birnin tana shiga teku ba a tace ba. A watan Agustan 2020 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya nutsar da unguwanni, kuma da hukuma ta tashi faɗaɗa kwaruruwa a 2021, gidajen talakawa dubbai aka rushe a gefen kwarin Orangi da na Gujjar. Ruwan sha ma ya daɗe bai wadaci garin ba, a nan ne kuma wasu suka samu kasuwa: su fasa bututun gwamnati su cika tankoki, su sayar wa unguwannin da famfonsu ya ƙafe a kan farashi mai tsada. Su ma 'yan kasuwa ne fa, kuma da ɗaurin gindin wasu manya suke yi.

Perween Rahman ta bi diddigin wannan sata ta rubuta ta da alƙaluma. Ta kuma jagoranci zana taswirar tsofaffin ƙauyukan da birnin ya haɗiye, don mazaunansu su samu takardun mallaka kafin masu ƙwacen fili su kore su, kuma sama da ƙauye 1,000 sun samu amincewar hukuma. An sha yi mata barazana, ba ta daina ba. Ranar 13 ga Maris 2013, tana hanyar komawa gida daga ofis, wasu mutane a kan babur suka harbe ta a cikin mota, ta rasu tana da shekara 56. 'Yar'uwarta ta bi shari'ar shekara da shekaru. A watan Disambar 2021 wata kotu ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin rai da rai, amma a watan Nuwambar 2022 babbar kotun Sindh ta sallame su, ta ce hujjojin da aka gabatar ba su isa ba.